Yadda Ake Neman Tsoffin Kuɗi da Kayan Ƙarfe a Kufai da Na'urar Gano Ƙarfe

Da wuya a sami manomin da ya shekara ashirin yana huɗa a karkarar Kano ko Jigawa wanda garmarsa ba ta taɓa tono masa kwabo mai huda a tsakiya ba, ko guntun munduwa, ko wani ƙarfe da tsatsa ta cinye har ba a gane ko mene ne. Yawanci sai ya goge abin a jikin rigarsa, ya jujjuya shi, ya jefa a aljihu ko ya miƙa wa yaro ya yi wasa da shi. Na'urar gano ƙarfe, wadda a yau ake iya yin odarta ta intanet ko a sa wani ya zo da ita daga waje, aikinta shi ne ta mayar da wannan dace na manomi ya zama bincike mai tsari. Sai dai ya kamata mai sha'awar aikin ya sani tun daga farko cewa na'urar ba ta san inda kufai yake ba, kuma ba ta san gonar wane ce ba. Waɗannan biyu a bakin tsofaffin gari suke, don haka fiye da rabin aikin ana gama shi ne a kan tabarma a ƙofar gida, tun kafin a saka wa na'ura batir.

Gano kufai da sanin dalilin tashinsa

Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama sannan suka tashi, har ya koma gona ko saura. Dalilin tashin mutanen shi ne zai gaya maka irin abin da za ka iya samu. A kudancin ƙasar Kano, wajajen Rano da Tudun Wada da Birnin Kudu, akwai garuruwan da hare-haren Ningi suka watsa a ƙarni na 19, akwai kuma waɗanda yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya ci daga 1893 zuwa 1895. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906, mutane da yawa sun fita daga cikin ganuwa sun koma zama a kan gonakinsu, wasu kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tarwatsa su. Daga baya layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya isa Nguru a 1930 ya janyo ƙauyuka zuwa bakin tasha, kamar yadda kwalta ta yi bayansa. An tashi wasu garuruwan saboda madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, wasu kuma a kwarin kogin Haɗeja ambaliya ce ta kore su zuwa tudu. Mafi yawan kufan da ake gani, ko da yake, ba su da wani babban labari: rijiya ta ƙafe, ko mai gida ya rasu 'ya'ya suka watse.

Wannan bambanci yana da muhimmanci saboda kafin zuwan Turawa wuri ne kuɗin Kano, kuma wuri ba ƙarfe ba ne, na'ura za ta wuce ta kan tukunya cike da shi ba ta ce komai ba. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Saboda haka kufan da aka bari tun kafin 1903 ba wurin neman kwabo ba ne, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, ba wurin da ya halatta mutum ya yi tono da ra'ayin kansa ba ne. Wurin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne gidan gona ko unguwar da aka zauna a zamanin cinikin gyaɗa, wato daga lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 har zuwa wajen 1970, domin a wannan tsakanin ne kuɗin ƙarfe suka shiga hannun kowane manomi ta hanyar sayar da gyaɗa da biyan haraji.

Idan ka je wajen dattijo, ka tafi da goro, ka gaishe shi yadda ya kamata, kuma kada kalmar dukiya ko zinare ta fito daga bakinka, domin da zarar ta fito zance ya lalace. Tambayoyin da suke da amfani su ne irin waɗannan: "Baba, a ina iyayenku suka zauna kafin a dawo nan? Ta ina tsohuwar rijiya take? Akwai inda aka taɓa cin kasuwa, ko inda fatake suke yada zango?" Tambayar da ba za a taɓa tsallakewa ba ita ce inda aka binne mutane. Tsohuwar maƙabarta sau da yawa ba ta da wata alama da baƙo zai gani, amma 'yan gari sun san ta, kuma wajibi ne ka sa a nuna maka iyakarta da ƙafa, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da ita.

Da ka isa wurin, ka zagaya shi da ido kafin ka taɓa na'ura. Kukoki da suka taru wuri ɗaya a tsakiyar gonaki kusan kullum shaida ce ta tsohon mazauni, haka ma tsohon durumi ko ceɗiya ko rimi da ke tsaye inda babu gida a kusa. Ka nemi kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da ɗan tudun da rusassun ɗakuna suka bari, da duwatsun da aka ɗora rumbu a kansu, da ɓarin dutsen niƙa. Alamar da ta fi kowace tabbas ita ce tsingaro, wato gutsattsarin tukwane da suka bazu a kan kunya, tare da ƙasa mai duhu da toka inda juji yake a da. Inda tsingaro ya fi yawa nan ne cikin gida. Kuɗi kuwa ba a ko'ina suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne a inda hannu yake shiga aljihu ko inda mace take kwance bakin zane: ƙofar zaure, gindin bishiyar da maza suke hira, bakin rijiya, wurin mai tuyar ƙosai, hanyar da ta nufi kasuwa. Idan dattijo ya nuna maka inda zaure yake, ya rage maka aikin kwana uku.

Akwai tarko ɗaya da ya keɓanta da gonakin kewayen birnin Kano. Shekara da shekaru manoman wannan yanki suna kai takin bola daga birni zuwa gonakinsu, da jakuna a da, da motoci a yanzu. Wannan taki yana zuwa da marafan kwalba da ƙusoshi da matattun batira da takardar alminiyam, har ma da tsoffin kuɗin da aka share daga gidajen birni. A irin wannan gona na'ura ba ta yin shiru, kuma kwabon da ka tsinta yana iya zama na wani gida a cikin Badala, ba na kufan da kake tsaye a kai ba. Gonakin da suka yi nisa da birni, waɗanda takin dabbobi kawai suka sani, su suka fi daɗin aiki.

Izini

Izinin farko na mai gona ne, kuma a nan sai an lura, domin wanda ka tarar yana noma ba lallai ne shi ke da gonar ba. Tana iya zama aro ko haya ko jingina a hannunsa, tana iya zama ta gado da ba a raba ba, wadda kowane ɗa yake da baki a kanta. Bayan mai gona sai mai unguwa, shi kuma ya kai ka gaban dagaci. Ka ce, "Ranka ya daɗe, tarihin tsohon garinku nake nema," ka kunna na'urar a gabansu, ka jefa tsabar kuɗi a ƙasa ka bar su su ji ƙararta, ka ba wani ya riƙe ya gwada. A yi magana a gaban shaidu a kan wanda zai riƙe abin da aka samu, tun ba a samu komai ba. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da yake yawo a daji da sanda mai faifai da wayoyi abin zargi ne, don haka yana da kyau 'yan sintirin gari da ofishin 'yan sanda mafi kusa su san da zuwanka, kuma kada ka fita ba tare da ɗan gari a gefenka ba. Ni kaina na taɓa yin ganganci na shiga wata gona da izinin ƙaramin ɗan mai ita kawai, kafin azahar rabin ƙauyen ya taru a kaina, wasu suna cewa zinare na gano, wasu suna cewa asiri na zo binnewa, kuma ban sake samun damar taka wannan kufan ba har yau. Laifina ne ba nasu ba.

Sai kuma dokar ƙasa. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana kowa yin haƙa domin neman kayan tarihi ba tare da takardar izinin hukumar ba, ta wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da irin waɗannan kaya, ta kuma hana cinikinsu ko fitar da su waje yadda aka ga dama. Daga cikin abin da take kira kayan tarihi akwai duk wani aikin hannu na gida da aka ƙera kafin 1918. Ma'anar wannan a aikace ita ce, tsintar sulen 1950 a cikin ƙasar da garma take juyawa duk shekara daban, tona gindin ganuwa ko tsohuwar marina ko tudun kashin maƙera kuma daban. Na biyun aikin masana ne, irin na sashen nazarin kayan tarihin ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma wurare irin duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da suna ƙarƙashin kariyar doka gaba ɗaya. Shawarata ita ce mutum ya fara zuwa Gidan Makama a Kano, wanda yake ƙarƙashin wannan hukuma, ya bayyana abin da yake son yi, ya ji iyakar da za a gindaya masa.

Ta fuskar shari'a ma akwai hukunci. Hadisi ingantacce ya ce a cikin rikazi akwai humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kuma rikazi a wurin malamai shi ne dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya. Abin da alamu suka nuna Musulmi ne ya binne ko ya yar, hukuncin tsintuwa yake ɗauka, wanda ya ƙunshi cigiya har shekara idan abu ne mai daraja. A kufan da jikokin masu shi suke raye a garin da ke gaba, wannan ba magana ce ta cikin littafi kawai ba. Idan ka tono tulin sulalla a inda ɗakin kakan wani yake, to magadan suna nan, sai a nemi malami ya yi bayani.

Na'ura da saita ta

Faifan da ke ƙasan sandar yana ɗauke da naɗin waya iri biyu: ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ɗayan yana sauraron amsar da ƙarfe yake mayarwa. Don neman tsabar kuɗi, irin wadda masu sayarwa ke rubuta wa VLF ita ta dace, domin tana iya bambanta baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, kuma ƙananan samfuran kamfanoni irin su Garrett da Minelab da Nokta sun isa mai koyo. Zurfin da take jin kwabo bai cika wuce taƙi ɗaya ba, wato wajen santimita 20, sai dai babban abu kamar ruwan garma tana jin sa daga ƙasa da haka. Duk wanda ya tallata maka wata na'ura mai eriya ya ce tana hango zinare daga nesa ko daga zurfin gaba goma, to kuɗinka yake hange.

Abin da ya fi wahalar da mai bincike a ƙasarmu shi ne ƙasar kanta. Marmara da jar ƙasa cike suke da sinadarin ƙarfe, don haka na'urar da ba a daidaita ta da ƙasa ba za ta yi ta surutu kamar an kunna rediyo tsakanin tashoshi biyu. Kada ka sayi wadda ba ta da maɓallin daidaitawa da ƙasa. Yadda ake yi shi ne ka sami wurin da babu ƙarfe, ka danna maɓallin, ka riƙa ɗaga faifan kana sauke shi a hankali har ƙarar ta lafa, kuma ka sake yin haka duk lokacin da launin ƙasa ya canja, misali idan ka gangaro daga tudu zuwa fadama. Idan har yanzu tana surutu, ka rage mata ƙarfin ji maimakon ka ƙara, domin gara ka rasa ɗan zurfi da ka kasa bambanta ƙarar gaske da ta banza. A rairayin jigawa, irin na wajajen Gumel da Jahun, aikin ya fi sauƙi ƙwarai, ga shirun na'ura ga taushin tono, sai dai iska tana tara yashi a kan tsohon daɓe har ya yi zurfin da faifai ba ya kaiwa.

Akwai kuskure guda da nake so a kiyaye. Yawancin na'urori suna nuna lamba a kan allo: baƙin ƙarfe a can ƙasa, takardar alminiyam da nikel a tsakiya, jan ƙarfe da azurfa a sama. Mai koyo idan tarkace ya ishe shi sai ya saita na'urar ta yi watsi da duk abin da bai kai sama ba. To amma kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da anini na zamanin Turawa, waɗanda aka buga kafin 1952, an yi su ne da gaurayen jan ƙarfe da nikel, kuma lambarsu tana faɗowa ne a tsakiya, daidai inda tarkace yake. Wanda ya rufe tsakiya ya rufe ƙofa ga ainihin abin da ya fito nema. Maganin wannan shi ne ka yi filin gwaji a gida. Ka nemi tsohon kwabo da sule a wajen tsofaffi ko masu sayar da kayan da, ka binne su tare da ƙusa da marfin kwalba, kowanne a raminsa, a zurfi daban-daban, ka yi ta bi ta kansu har kunnenka ya haddace muryar kowanne. Kunne ya fi allo gaskiya: tsabar kuɗi tana ba da ƙara gajeriya mai tsafta wadda ba ta canjawa ko ta wace fuska ka biyo, ƙusa kuwa ƙararta a karye take.

Lokacin aiki shi ne daga bayan girbi, idan an kwashe kara, zuwa kafin shuka. Babu manomin da zai yarda ka taka masa gona da amfani a tsaye, kuma bai kamata ka roƙa ba. A tsakiyar rani ƙasar laka tana ƙeƙashewa har sai da diga, amma bayan sharar gona, idan ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa ba a kai ga shuka ba, akwai 'yan kwanaki da babu kamarsu, domin danshi yana taimaka wa na'ura ji, ruwa kuma ya wanke tsingaro ya fito fili. A fita da sassafe a tashi kafin rana ta take. A sa takalmi rufaffe wanda ba shi da ƙarfe a baki, saboda kububuwa da kunama suna son gindin kuka da tsibin duwatsu, a kuma yi hattara da tsoffin rijiyoyin da ciyawa ta rufe bakinsu. A nisanci manyan wayoyin lantarki, a bar wayar hannu a aljihun baya.

Ka zaɓi fili kaɗan, kamar taku ashirin ta kowace fuska, ka kafa kara a kusurwoyinsa. Kunyoyin gona sun riga sun ja maka layi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka share kan kunya sannan ka share kwarinta. Faifan ya kasance kusa da ƙasa kamar kaurin yatsa biyu, a shimfiɗe, kada ya ɗaga a ƙarshen kowace kaɗawa, kuma kowace kaɗawa ta hau rabin wadda ta gabace ta. Tafiyar ta zama ta mai neman allurar da ta faɗi, ba ta mai zuwa kasuwa ba. Idan ka ji ƙara, ka tsaya ka bi ta kanta daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa, inda layukan biyu suka gicciye nan abin yake.

Wajen tono, kada ka sari tsakiyar wurin, domin sara ɗaya ta fartanya tana iya raba kwabon da ya shekara ɗari lafiya a ƙasa. Ka zagaye shi da ƙaramin shebur na hannu, ka ɗago ƙasar ka zuba a kan buhu, sannan ka bi ta kan ramin da kan buhun da faifai don ka san inda abin ya koma. Idan yana cikin ƙasar buhu, ka riƙa ɗiba da kofin roba kana giftawa ta gaban faifan, bayan ka cire zobe da agogo. Idan ka tona ka wuce iyakar ƙasar noma, ka ga ka fara shiga daɓe ko toka da ba a taɓa motsawa ba, ko tukunya a kife, to ka dakata, nan ne iyakar mai sha'awa. Idan ƙashi ne ya bayyana, ka mayar da ƙasa nan take ka sanar da mai unguwa. Idan kuma abu ne mai kama da harsashin da bai fashe ba, kada ka ƙwanƙwasa shi, ka sa alama ka kira hukuma. Kowane rami a cike shi a take shi da ƙafa, tarkacen ƙusa da gwangwani kuma a tafi da su a jaka, mai gona zai ji daɗin hakan fiye da yadda kake zato.

Sanin abin da aka samu

An fara buga kuɗin ƙarfe masu huda don wannan ƙasa a 1907. Anini, wanda goma suke yin kwabo ɗaya, da alminiyam aka fara yin sa, amma bai jure ba, a 1908 aka koma gaurayen nikel. Kwabo da anini da ɗari, wadda wasu ke ce wa sisin kwabo, duk fasalinsu ɗaya: a fuska ɗaya kambi a saman huda da sunan sarkin Ingila da darajar kuɗin da Turanci da Larabci, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida da shekara a ƙasansa. Babu hoton sarki a jikinsu. Na farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya tare da na Afirka ta Yamma, daga baya aka bar na Afirka ta Yamma kaɗai. Idan shekara ta goge, sunan sarki zai taimaka: EDWARD VII ya tsaya a 1910, GEORGIVS V daga nan zuwa 1936, GEORGIVS VI zuwa 1952, sannan Sarauniya Elizabet. Akwai na 1936 mai sunan EDWARDVS VIII, sarkin da ya yi murabus a shekarar da ya hau, wanda ko a Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa ba, amma a nan an fitar da su da yawa, don haka samunsa abin sha'awa ne ba abin arziki ba. Wani ƙaramin harafi H ko KN da ake gani a jikin wasu alama ce ta masana'antun da suka buga su a Ingila.

Taro da sisi da sule da fataka, wato sule biyu, sun fito a 1913 bayan an kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. Su suna da hoton sarki, sule da fataka kuma suna da bishiyar kwakwar manja a baya. Na farkon azurfa ne, a 1920 aka koma yin su da tagulla mai ruwan ɗorawa, saboda haka sule fari mai shekara tsakanin 1913 da 1919 shi ne kyakkyawan samu a kufan manomi. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin Tarayya, inda taro yake da kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi kuma yake da koko. Naira da kwabo na yanzu sun shigo ranar 1 ga Janairun 1973, kuma kwabo 25 na wannan shekara yana ɗauke da dalar gyaɗa. Wani lokaci, ba kasafai ba, ana dacewa da babbar dalar azurfa mai nauyin wajen giram 28, da hoton mace a gaba da gaggafa mai kai biyu a baya. Dalar Mariya Tareza ce ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suke shigowa da ita maƙeran farfaru suna narkarwa. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta har tsawon fiye da ƙarni biyu.

A faɗi gaskiya, yawancin waɗannan kuɗi an buga su da miliyoyi, kuma wanda ya kwana a ƙasa ya yi tabo ba zai biya maka kuɗin man babur ɗin da ya kai ka ba. Amfaninsu yana cikin shekarar da ke jikinsu. Kwabo ɗaya ba hujja ba ne, makiyayi ma yana iya yar da shi. Amma idan ka sami guda bakwai ko takwas a kewayen zaure ɗaya, mafi tsufa na 1920, mafi sabunta na 1947 kuma bai goge sosai ba, babu ko ɗaya na Sarauniya, to ka sami dalilin cewa mutanen gidan sun tashi ne a wajen ƙarshen shekarun 1940, kuma za ka iya gwada wannan da abin da tsofaffi suka gaya maka. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an rubuta inda kowane abu ya fito. Ka ɗauki hotonsa a bakin raminsa, ka adana lambar wurin da wayarka take nunawa, ka rubuta zurfi da kwanan wata a littafi, ka sa shi a ambulan ɗinsa shi kaɗai.

Kayan baƙin ƙarfe sun fi kuɗi yawa, kuma bai kamata a raina su ba. Ruwan fartanya da lauje da magirbi da gatari suna nuna irin noman da aka yi, linzami da likkafa da ƙaimi suna nuna gidan da ake ɗaure doki, mundaye da zobba da aninan da aka jera a zare don ado suna nuna ɓangaren mata. A wuraren da aka taɓa yin rinji, wato gandun bayi, ana iya cin karo da mari, wanda ake sa wa bayi a ƙafa. Irin wannan, da kan mashi da na kibiya da duk wani ƙirar gida da ake zaton ta girmi 1918, wurinsu gidan tarihi ne, ba kan teburin ɗaki ba, balle buhun ɗan jari-bola.

Wajen wankewa ake ɓata abin da ƙasa ta adana. Al'adarmu ta goge tasa da toka da lemon tsami ko tsamiya ba ta dace da tsohon kuɗi ba, haka ma kanwa da yashi da ruwan batir, domin suna cinye fatar da shekaru suka yi masa, rubutun ya tafi tare da ita. Ruwa mai tsabta ya wadatar: a jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu, a goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a cire ƙasar da ta maƙale a cikin huda da tsinken itace, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Baƙin ƙarfe ba a jiƙa shi, a kakkaɓe shi a bushe a ajiye inda damina ba za ta same shi ba. Idan ka ga wani kore mai kamar gari yana fitowa a jikin tagulla, ka ware wannan daga sauran, domin ciwo ne da yake ci gaba da cin ƙarfen matuƙar akwai danshi.

Kafin ka bar garin, ka shimfiɗa duk abin da ka samu a kan buhu a gaban mai gona da mai unguwa da dattijon da ya nuna maka wurin, har da ƙusoshin, don kada a ce ka ɓoye wani abu. Ka bar dattijon ya ɗauki kowanne ya juya shi, domin sau da yawa ƙarfen da ka kasa ganewa shi zai gaya maka sunansa da aikinsa da maƙerin garin da yake yin irinsa, sai ka rubuta wannan a ƙarƙashin lambar abin a littafinka. Daga nan a raba bisa yadda aka yi magana tun farko, abin da ya kamata a kai Gidan Makama kuma a tafi da shi tare da hotunansa da kwafin shafin da aka rubuta inda ya fito.